Tsohon ciki: Wahalar da aka saba da ita da wadda ba a yi wa haƙuri

Idan cikin mace ya tsufa, gaisuwar da ake yi mata ma takan sauya. Dangi da maƙwabta, har da mai kayan miyan da ta saba saye a wurinsa, kowa sai ya rufe magana da "Allah Ya raba lafiya." Addu'a ce da aka gada kaka da kakanni, kuma a cikinta akwai amincewa da cewa watanni ukun ƙarshe mataki ne mai nauyi, wanda ba kowace mace ke tsallake shi ba.

A ranakun awo, a cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke unguwannin kewayen Abuja, irin su Nyanya, Karu, Gwagwa da Dei-Dei, tun da sassafe benci ke cika da mata riƙe da katinsu. Koke-kokensu kusan iri ɗaya ne: ƙwannafi ya hana cin abinci, baya da ƙugu sun riƙe, ƙafa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga, barci ya ƙaurace wa ido. A gida kuwa, amsar da akan ba su ba ta wuce guda ba: "Haka ciki ya gada, a yi haƙuri."

Sau da yawa wannan amsa gaskiya ce. Matsalar ita ce da ita ake amsa ciwon bayan da ba shi da wata illa, da ita kuma ake amsa ciwon kan da ke gargaɗin jijjiga. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Zubar jini, hawan jini, doguwar naƙuda da shigar ƙwayoyin cuta su ne kan gaba, kuma da yawa daga cikinsu sukan nuna alama tun ciki na wata bakwai ko takwas. Sanin bambanci tsakanin abin da ciki ya gada da abin da bai gada ba ilimi ne da gidan baki ɗaya ke buƙata, domin a yawancin gidaje ba mai cikin ce ke cefane ba, ba kuma ita ke yanke shawarar tafiya asibiti ba.

Jiki ɗaya, aikin mutum biyu

Likitoci na lissafa ciki da makonni 40, suna ɗaukar mako na 28 a matsayin farkon zangon ƙarshe. A lokacin nauyin jaririn bai wuce kilo 1 da 'yar ɗoriya ba, amma zuwa ranar haihuwa yakan kai kilo 3 ko fiye. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa a waɗannan makonni 12 yake tara shi, kuma komai daga jikin uwa yake samu.

Yayin da yake girma, mahaifa na ƙara hawa har ta kai ƙarƙashin haƙarƙari a wajen mako na 36. Tana danna tumbi, ga shi kuma sinadaran da ciki ke sa jiki ya fitar sun sassauta ƙofar da ke hana abinci dawowa maƙogwaro, shi ya sa ƙwannafi ke tasowa. Tana rage wa huhu wurin buɗewa, sai a ga mace na haki daga ɗan hawan matakala. Hanji na rage gudu, bayan gida ya yi tauri, wani lokaci basir ya biyo baya. Daga ƙasa kuma kan jariri na danna mafitsara, fitsari ya yawaita dare da rana. Gaɓoɓin ƙugu na sassautawa domin shirin haihuwa, nauyi kuma ya rinjaya gaba, shi ne asalin ciwon baya da sauyin tafiyar da ake gane mai tsohon ciki da shi tun daga nesa.

Nankarwa a fatar ciki, baƙin layi daga cibiya zuwa mara, ɗigar dakashi daga nono, ɗaurewar jijiyar ƙafa da tsakar dare, duk suna cikin abin da aka saba gani. Haka ma ɗaurewar ciki da kan zo ta wuce ba tare da tsari ba, wadda takan lafa idan mace ta huta ko ta sha ruwa. Kumburin ƙafa da ke ƙaruwa da yamma, ya sauka bayan an kwana ko an ɗaga ƙafar a kan matashi, shi ma yawanci nauyin mahaifa ne da ke rage wa jini saurin komawa sama.

Jinin kansa yana sauyawa. Yawansa na ƙaruwa da kusan rabi, sai dai ruwansa ya fi jajayen ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, don haka yakan tsinke. A daidai wannan lokaci ne kuma jariri ke ɗibar sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, yana ajiyewa domin watannin farko na rayuwarsa, yana kuma jan kalsiyam domin gina ƙashi. Idan abincin uwa bai wadatar ba, daga ajiyar jikinta ake biya.

Abin da ke cikin tukunya

Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Najeriya na fama da ƙarancin jini. Ma'aikatan lafiya na ɗaukar mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awon himogulobin ɗinta ya gaza giram 11, idan kuma ya yi ƙasa da 7 abin ya tsananta. Alamunsa, wato jiri, kasala, bugun zuciya, farin ido da farin tafin hannu, sun yi kama da gajiyar ciki, shi ya sa ake yi musu haƙuri. Illarsa kuwa a ɗakin haihuwa take bayyana. Zubar jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa, kwatankwacin ledar fiya-wata guda, shi ne inda ma'aikatan lafiya suka daɗe da ja layin haɗari. Mace mai wadataccen jini za ta iya jure wannan, amma wadda ta shiga naƙuda jininta a ƙasa, abin da bai kai haka ba ma na iya kayar da ita.

A wannan yanayi na tsadar rayuwa, nasihar a ci nama da kaza da madarar gwangwani kullum ba ta da amfani ga yawancin gidaje. Sai dai kasuwar unguwa ba ta rasa abin da zai taimaka. Wake ta kowace fuska, alale ne ko ƙosai ko garau-garau, da awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi da daddawa, duk suna gina jiki. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa da kuka na ƙara sinadaran da jini da ƙashi ke buƙata. Ƙwai guda dafaffe, ko ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙashinsu a zuba a miya, sun fi kwalbar lemon zaƙi amfani nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ba su fi ta tsada ba. Gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba na taimaka wa hanji. Lemo, gwaiba ko tumatir tare da abinci na sa jiki ya fi tsotsar ayon daga ganye da wake, yayin da shayi a kan abinci ke rage wannan tsotsa. Fura da nono abinci ne mai kyau ga mai ciki, muddin an tafasa madarar kafin a yi nonon, domin ɗanyar madara na iya ɗauko cututtuka daga dabba.

Yadda ake ci ma na da muhimmanci. Tumbin da mahaifa ta danne ba ya ɗaukar malmalar tuwo biyu a zama ɗaya. Cin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, rage yaji da maiƙo, da barin tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, na rage ƙwannafi sosai. Goro da shayi mai kauri da kofi na ɗauke da kafeyin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciki da ke shan fiye da miligiram 300 a yini su rage. Mai kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara ya kamata a duba jininta, domin irin wannan kwaɗayi yakan zo tare da ƙarancin ayon.

Abinci kaɗai ba ya cike giɓin. Shawarar hukumar ita ce kowace mai ciki ta sha ƙwayar ayon mai miligiram 30 zuwa 60 da folik asid mai maikirogiram 400 kullum, sannan a inda abinci ba shi da isasshen kalsiyam a ƙara mata giram 1.5 zuwa 2 domin rage haɗarin hawan jinin masu ciki. Ƙwayar ayon kan mayar da bayan gida baƙi, wani lokaci ta tayar da zuciya, kuma wannan kan sa wasu su jefa ta ƙarƙashin katifa. Baƙin bayan gidan ba illa ba ne. Tashin zuciyar kuma yakan ragu idan aka sha ta bayan an ci wani abu ko daf da kwanciya.

Tsoron ƙaton ɗa da maganin zaƙi

Akwai wani dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Mata da yawa na gudun magungunan awo, wasu har su rage cin abinci da gangan, saboda tsoron kada ɗa ya yi girma a kai su ga tiyata. Tsoron yana da tushe, domin duk wadda ta ga abin da doguwar naƙuda ke haifarwa, ko ta san wata da aka kai Babbar Ruga a Katsina saboda yoyon fitsari, ba za a ce mata ta kwantar da hankali kawai ba. Amma abin da ke toshe haihuwa yawanci shi ne ƙugun da bai gama buɗewa ba, musamman ga wadda ta ɗauki ciki da ƙuruciya ko ta tashi cikin rashin abinci, ko kuma kwanciyar jariri ba daidai ba. Abin da ke sa jariri girma fiye da kima kuwa, sau da yawa ciwon sukarin masu ciki ne da ba a gano ba. Rage abinci ba ya magance ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake jawowa shi ne uwa marar ƙarfi da jariri mai ƙasa da kilo 2.5, wanda shi ne ya fi fuskantar haɗari a makonninsa na farko.

Sai batun zaƙi. A fahimtar gargajiya, kayan zaƙin da mai ciki ta sha kan taru ya zama wani abu mai yauƙi da ke tare hanyar haihuwa, shi ya sa daga wata na bakwai iyaye mata da ungozoma kan fara ba ta jiƙe-jiƙen saiwoyi da ɓawon itatuwa domin zubar da shi. Wani ɓangare na wannan fahimta ya dace da ta asibiti, domin rage sukari da lemon kwalba alheri ne ga mai ciki. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba shi ne abin tsoro: yana iya jawo gudawa da ƙarewar ruwan jiki, ko ya tayar da naƙuda kafin lokacinta. Akwai kuma haɗarin ruɗewa. Macen da fayarta ta fashe da wuri tana ɗiga a hankali na iya ɗauka zaƙi ne ke fita, har ta ji daɗi cewa magani ya yi aiki, alhali ƙofa ce ta buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa ga jariri.

Kanwa ma na buƙatar taka-tsantsan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Bincike na baya ya ƙaro wasu dalilai, ciki har da rashin abinci mai gina jiki, amma gaskiya ɗaya ba ta sauya ba: kanwa na ɗauke da gishiri mai yawa, kuma jikin da ya riga ya tara ruwa ba ya buƙatar ƙari.

Aiki, barci da ibada

Tsohon ciki ba ciwo ba ne, kuma likitoci ba sa so mace ta kwanta ta daina motsi. Tafiya a ƙasa da ƙananan ayyukan gida na taimaka wa jini da hanji da barci. Abin da ya kamata a ɗauke mata shi ne ɗaukar jarkar ruwa, daka, doguwar duƙawa a kan wanki da zama cikin hayaƙin itace. Ma'aikaciyar da ke shafe awanni a cunkoson hanyar Mararaba zuwa cikin birni na buƙatar ruwan sha a hannu da motsa ƙafa lokaci-lokaci, musamman a zafin Maris da Afrilu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya damar hutun makonni shida kafin haihuwa da shida bayanta, sai dai mai tuyar awara ko mai aikatau ba ta san wannan hutu ba. Hutunta yana hannun mijinta da mutanen gidan.

Daga mako na 28 ana shawartar mace ta riƙa kwanciya a gefe. Idan ta yi rigingine, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, jinin da ke isa ga jariri ya ragu. Wadda ta farka ta tarar da kanta a rigingine ba sai ta firgita ba, juyawa kawai za ta yi. Matashi a tsakanin gwiwoyi na rage ciwon ƙugu. Gidan sauro kuwa wajibi ne, domin zazzaɓin cizon sauro na cinye jinin mai ciki, yana kuma tauye girman jariri ko da uwar ba ta ji zazzaɓi ba. Saboda haka ne ake ba da maganin rigakafinsa a wurin awo daga wata na huɗu, da tazarar wata guda tsakanin kowane sha, aƙalla sau uku.

Idan azumi ya riski mace da tsohon ciki, malamai sun yi bayanin cewa shari'a ta yi mata rangwamen ajiye shi idan tana tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta. Mai ƙarancin jini, hawan jini ko ciwon sukari ya dace ta nemi shawarar likita tun kafin watan ya kama.

Alamomin da ba a kwana da su

Akwai abubuwan da ba a jira ranar awo a kansu. Zubar jini komai ƙanƙantarsa na cikinsu. Haka ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, musamman idan ya zo da dishi-dishin gani ko ganin walƙiya, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Waɗannan su ne masu shelar hawan jinin masu ciki, wanda ake tabbatarwa idan awo ya kai 140 bisa 90, kuma shi ne kan rikiɗe ya zama jijjiga. A gidaje da dama, idan mai ciki ta faɗi tana taune-taune, tunanin farko kan tafi ga iska, a ɓata awanni ana turare. Addu'a ba ta hana ɗaukar ta a mota, kuma asibiti na da allurar maganisiyam salfet da ke tsayar da jijjiga.

Zazzaɓi, zubar ruwa daga gaba, numfashi sama-sama alhali ana zaune, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da na ƙafa, da ciwon mara mai zuwa a jere kafin mako na 37, duk na buƙatar ganin ma'aikacin lafiya a ranar. Sai motsin ɗa. Ana yawan cewa jariri kan yi lamo idan haihuwa ta gabato, amma wannan kuskure ne. Salon motsinsa na iya sauyawa saboda matsi, sai dai ba ya dainawa. Uwa ita ta fi kowa sanin al'adar abin da ke cikinta, kuma idan ta ce motsin ya ragu, a ranar ake tafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa aƙalla takwas, kuma biyar daga ciki a zangon ƙarshe suke: makonni na 30, 34, 36, 38 da 40. Dalili shi ne hawan jini da kwanciyar jariri ba daidai ba a wannan lokaci suka fi bayyana, kuma hawan jini na iya yin nisa ba tare da mace ta ji komai ba. Darasin ba sabo ba ne a Arewa. Binciken Farfesa Kelsey Harrison kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka wallafa a 1985, ya nuna cewa matan da aka kawo cikin gaggawa ba tare da sun taɓa awo ba su ne suka fi mutuwa, da tazara mai yawa. Duk da haka, binciken 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai suka je awo sau huɗu ko fiye, kashi 39 kuma suka haihu a asibiti.

Al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta a wajen wata na bakwai, na da alfanu babba, domin tana samun hutu da kulawar uwa. Amma ga matan da ke aure a Abuja, hakan na nufin doguwar tafiya zuwa Kano, Katsina ko Sakkwato, da barin asibitin da ya san tarihinsu a daidai lokacin da awo ya fi muhimmanci. Wadda za ta yi wannan tafiya ya kamata ta yi ta da wuri, ta tafi da katinta da sakamakon gwaje-gwajenta, ta kuma yi rajista a asibitin can a makon da ta isa.

Masana lafiyar mata na maganar jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nauyin hukuma ne, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka keɓe. Biyun farko kuwa a gida ake magance su. Tun ciki na wata bakwai ya kamata a san asibitin da za a je, mai motar da za a kira da tsakar dare, ɗan kuɗin da aka ware, da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Maigidan da ke fita aiki tun asuba ko yake tafiye-tafiye ya kamata ya bar izini a fili, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta, cewa duk lokacin da wata alama ta bayyana a tafi ba sai an same shi ba. Mai cikin fari kuma, wadda kunya ke hana ta faɗin abin da ke damunta a gaban surukai, tana buƙatar mutum ɗaya da za ta iya gaya wa komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Mutane za su ci gaba da cewa "Allah Ya raba lafiya," kuma haka ya dace. Sai dai mai yin addu'ar, idan miji ne ko uwar miji ko maƙwabciya, zai iya haɗa ta da tambayoyi uku: yaushe ne awo na gaba, an sha maganin yau, kuma yaya motsin ɗan?